Igiyar Awon Tumbi

Bari in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan da ke cikin labarin nan ni ne. Duk garinmu an sani, har matan da ke kawo nono daga ruga sun sani, ni kaɗai labari ya iske daga baya. Amma wawa ma yana da hakki, kuma hakkina nake bi da wannan rubutu. Wanda nake ƙara shi ne taubashina, ɗan gwaggona, Alhajin da munka rufe bayan an gama yankan gero. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Wannan addu'a ce, kowa na yi wa kowa. Yafiya kuwa wani abu ne daban, kuma tana nan hannuna.

Da anka aiko a gaya mini ya cika, dariya na yi. Ina da dalili. Shekarun baya, muna da sauran ƙarfi, ya taɓa kwanciya a ɗakinsa ya sa anka lulluɓe shi da farin zane, ya haɗa baki da matarsa ta fasa kuka, anka kira ni. Na zo na durƙusa ina hawaye ina lissafa alherinsa, ina cewa ba a sake haihuwar irinsa a ƙasar Adar. Sai zane ya motsa, murya ta fito ta ce, "Ɗaga murya, Mushe, na waje ba su ji ba." Na daɗe ban iya shiga kasuwa ba. Ran nan na rantse ba ni ƙara yarda da maganar da ta fito bakinsa. Saboda haka wannan karon na shiga ɗakin da sandata ina cewa ya tashi, ba a kama ni sau biyu. Na ja babban yatsan ƙafarsa. Yatsan ya yi sanyi, ƙafar kuma ta kumbura kamar salka. Hajiya, matarsa, ta dube ni, ta kau da kai.

Kafin a gama ɗinkin likkafani mutane sun cika ƙofar gida. Na zauna a gefen tabarma ina jiran a zo a yi mini gaisuwa ta musamman, tunda duniya ta san ba shi da na kusa kamata. Sai na ji ana hira a kaina kamar ba ni wurin. Mai kilishin da ya taso tun daga Madawa yana share ido yana cewa Alhaji ya daɗe da daina ci, saye kawai yake yi ya rabar don kada cinikinsa ya ragu. Direban motar kasuwa ya ce shi ke kai shi a zuƙe masa ruwan ciki, kuma bai taɓa jin ya koka a hanya ba, iyaka ya ce a bi ramuka a hankali. Wani Buzu daga wajen Garhanga, wanda ke kawo masa raguna, ya gyara rawaninsa ya ce, "Hantar nan ta daɗe tana cin shi. Ya yi haƙuri."

Na ce, "Wace hanta?"

Kowa ya sami abin kallo a tafin hannunsa. Tsohuwa mai fura da ke wucewa ita ta tsaya ta ce, "Allah sarki. Ashe har yau Mushe bai gane ba."

Mushe ni ne. Ɗan karatun lakwal, wato boko, da na taɓa kafin babana ya maida ni gona shi ya jawo mini sunan malaman makarantar boko, kuma Alhajin ne ya laƙa mini shi.

Ni na riƙe buta wajen wanka. Da anka cire masa babbar riga sai na ga abin da rigar ke ɓoyewa. Hannuwa kamar karan dawa, kafaɗu sun zube, ƙirji ya shige, ciki kaɗai ke tsaye kamar randa. Cikin nan da na yi shekaru ina yi wa kirari. Na zuba ruwa inda anka ce in zuba.

Da anka jera sahu, liman ya juyo ya ce duk wanda mamaci ya yi wa laifi ya yafe masa. Jama'a sunka amsa, mun yafe. Ni na rufe bakina. Liman ya san muryata, don ta fi ta kowa ƙarfi wajen amin, ya kuwa ji babu ita.

Ya ce, "Mushe?"

Na ce, "A yi salla, malam, rana na yi."

Waɗansu sunka yi murmushi, sun ɗauka wasan taubasai ne, irin wanda akan tare gawa sai an ba da goro. Ba wasa ba ne.

Kada a ce don ina fushi zan rage masa awo. Mutum ne, kuma ni na fi kowa sani. Mun tashi tare a gindin dutse tsakanin Buza da Keita, inda rabin gona tsakuwa ce. Ya girme ni da kaɗan, amma bai taɓa barin in manta ba. Mun ga shekarun yunwa da idonmu. Mun ci anza a ƙwarya ɗaya, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su ciwu. Mun ɗauki duwatsu a ka mun jera su bisa tuddai don tare ruwa, ana sallamarmu da hatsi. A lokacin in ya tuɓe riga kana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Gwaggona takan ce in iska ta taso a riƙe mata ɗa.

Daga baya ya shiga fadama ya kama albasa, albasa ta karɓe shi. Ya fara cika kamiyo, manyan motocin kaya, ana kai ta ƙasashen bakin teku. Ranar da tumbi ya fara leƙowa daga rigarsa, gwaggona guɗa ta yi. Wanda bai ci anza ba ba zai gane wannan guɗa ba. A wurinmu tumbi shaida ne cewa yunwa ta yi kokowa da gidan nan ta faɗi. In baƙo ya zo gari yana neman mai faɗa a ji, ba ya tambaya, ciki yake dubawa.

Shi ma ya san darajar nasa. In zai yi magana a taro sai ya ɗan buga shi ya ce, "Ku saurara, rumbu zai yi magana." A ƙofar gidansa muke ciyayya, kowane gida a fito da akushi a haɗa a ci tare, kuma wanda ya wuce bai sa hannu ba ya ja wa kansa gaba. Shayinsa kuwa, sukari yake dafawa ya ɗan ɗiga masa ganye don kunya.

Bai iya kyauta ba, wannan gaskiya ce. Kunyarta yake ji. Shekarar da damana ta yanke da wuri, bai tara mutane ya raba hatsi ba. Gida gida ya bi yana faɗa, wai ƙwari sun shiga rumbunsa kuma ba shi da maƙwabtan kirki da za su taimake shi su kwashe kafin a cinye. Mutane sunka je taimako, kowa ya koma da kwando. Ni na leƙa rumbun, ko ƙwaro ɗaya babu. Nawa buhun kuma ya aiko da saƙo cewa abincin jaki ne, a ba jakin gidan, wato maigidan.

To ga yadda igiya ta shigo. Kowa ya san Cika-ciki, ranar nan ta watan farkon shekara da ake dafa abin da anka adana na ragon layya a ci har a kasa tashi, don an ce wanda bai ƙoshi ba ran nan haka zai ƙare shekara. Ranar ce kuma ta taubasai, kowa ya nemi nasa ya tsokane shi. Wata shekara, bayan ni ma Allah Ya ɗan buɗa mini na fara aje nawa, munka yi gardamar wanda ya fi ƙoshi. Wanshekare da hantsi ya ɗauko tsohuwar igiyar gugan kakanmu, munka tsaya a ƙofar zaure, ya zagaya cikina da ita daidai cibiya, na zagaya nasa. Ya fi ni. Daga nan abin ya zama al'ada. Duk wanshekaren Cika-ciki mutane na taruwa kallo. Wanda ya ci shi ne Sarkin Tumbi, shi ke zama bisa kujera mai hannu wajen ciyayya har shekara ta zagayo, wanda ya faɗi ya zauna tabarma ya kawo zakara. Na kai zakarun da ba ni iya tunawa. Ina ci da himma, ina ƙara man shanu, ina kwana bayan fura, duk don in hau kujerar nan ko sau ɗaya kafin in mutu.

Abin da ke biye babbar ɗiyarsa ce ta gaya mini, ranar sadakar uku, bayan na tsare ta a zaure na ce ko ta faɗa ko in tsine wa goron aurenta da na ci. Ta ce, "Baba, shi ya hana." Na ce wanda ya hana yana ƙarƙashin ƙasa, ni ina bisa.

Ashe shekarun baya ya tafi gidan likita a Buza don yawan gajiya da wani nauyi da yake ji a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya ɗora shi bisa sikeli kamar buhun albasa, ya jingina shi da bango ya auna tsawonsa, sannan ya yi lissafi. Wai a ɗauki nauyin mutum a raba da tsawonsa, abin da ya fito a sake raba shi da tsawon. Ni da na shiga lakwal ban taɓa jin an raba mutum da tsawonsa har sau biyu ba, amma haka anka ce. In abin da ya fito ya kai talatin, ƙiba ta tashi daga ado ta koma ciwo. Na Alhaji ya wuce talatin yana ɗaga mata hannu. Majo ya ce lissafin nan ma ba ya faɗin komai da komai, don ɗan kokowa na da nauyi amma tsoka ce. Abin dubawa shi ne inda kitsen ya zauna, kuma wanda ya taru a ciki ya fi kowane sharri, don maƙwabcin hanta ne. Ya ɗauko abin awo irin na tela ya zagaya cikin daidai cibiya. Daidai inda nake zagayawa. Aikina ne majon nan ya yi, bambancin kawai shi da ya gama bai yi kirari ba.

Daga nan anka tura shi Madawa, anka ɗibi jini, anka shafa masa mai a ciki anka leƙa da na'urar da suke kira eko. Lokotoro, wato babban likita, ya ce kitse ya shiga hantar, kuma wani sashe nata ya fara taurara. Ya ce hanta ba ta da ƙorafi, tana iya shekaru tana lalacewa mai ita na cin tuwonsa. In an farga da wuri kitsen na fita, da tafiya da rage sukari da mai da rage jiki. Wurin da ya riga ya taurara kuwa da wuya ya dawo. Sannan ya tambaye shi ko yana shan giya.

Tambayar nan ita ta kashe ni, ko da yake ba ni anka yi wa ba. Kakanmu Azne ne, shi ke yanka a gindin dutse kafin shuka, kuma tulun burkutu bai taɓa bushewa a gidansa ba. Alhaji ya yi rayuwarsa yana binne wannan suna. Shi ya yi wa masallaci rumfa, shi ke fara isa sahu. Bai taɓa kai giya bakinsa ba, wannan ni shaida ne ko ina fushi. Lokotoro ma ya ce kitse kaɗai na iya yin ɓarnar da giya ke yi. Amma a ƙauye in an ce hanta, an ce ciki ya kumbura, kowa ya san abin da ake rayawa. A hanyar dawowa ya ce wa ɗiyarsa, "Wanda ya zama dole a gaya mishi, a gaya mishi. Amma kada Mushe ya ji. In ya ji, kafin la'asar an yi waƙa, jikan Azne ya koma tulun kakansa."

Wannan ƙazafi ne. Ni ba haka nake ba. To, wataƙila da na faɗa sau ɗaya, don maganar ta zauna daidai, amma da na daina in an roƙe ni.

Sai ga shi garin da ba ya iya ɓoye cikin mace na wata biyu ya ɓoye mini wannan shekara da shekaru. Mai fura ta sani don an ce ta daina sa sukari. Mahauci ya sani. Direba ya sani. Kowa anka raɗa wa sai a ƙara da cewa kada Mushe ya ji, shi kuma ya raɗa wa na gaba da sharaɗin. Ina tafiya cikin gari ina gaisawa da mutane, ashe kowa na ɗauke da labarin ɗan'uwana yana kauce mini da shi kamar mai ɗauke da ƙwai.

Ni kuwa ina ganin alamu ina fassara su da ilimina. Ya aje moto, wato babur ɗinsa, ya koma tafiya fadama da ƙafa, na baza cewa albasa ta karye shi, ba shi da na mai. Ya koma shan shayi ba sukari, na ce rowar tsufa ta kama shi. Wajen ciyayya ya dinga ture kitse gefen akushi, ni kuwa ina bi ina kwashewa ina sa masa albarka. Yana kallona ina haɗiyewa. Wannan wurin shi ya fi ci mini rai. Daga baya kitsen ya daina fitowa ko kaɗan, miyar gidana ma ta koma ruwa-ruwa. Na yi ta faɗa da tsohuwata, wato matata, ina cewa hannunta ya mutu. Sai bayan rasuwa ta amsa cewa Alhaji ne ya kira ta ya ce ta rage mini mai, ta kuma ɓoye tulun man shanu a ɗakin maƙwabciya. Matar da na aura da sadakina, ana ba ta umarni daga wani gida a kan cikina.

Shekarar da ya rame na ci gasa. Na hau kujera mai hannu. Ya kawo zakara da kansa, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarki." Ban taɓa jin daɗi irin na ran nan ba, kuma yanzu ko tunawa ba ni son yi.

Bayan wani lokaci cikinsa ya dawo, ya ma fi da. Ya koma sa manyan riguna masu faɗin hannu. Da anka auna ya fi ni nesa, sai na ga ya kamata in nuna ni mai karɓar kaye ne. Na kira mai kalangu, na ɗauki kujera a ka na kai masa har zaure, ina kirari ina cewa rumbu ya sake cika, albasa ta dawo. Na lura 'yan kallo ba su tafa sosai ba, na ce hassada ce. Na lura idonsa ya yi rawaya, na ce idon masu arziki ne. Ruwa ne a cikin. Hanta ta gaza, ruwa na taruwa, ni ina biyan mai kalangu. Ya zauna bisa kujerar yana dariya har da riƙe haƙarƙari. Ya bar ni na gama.

Faɗanmu na ƙarshe a Cika-cikin da ta wuce ne. Mun fito ƙofar zaure kamar kullum, sai ya ce bana sabon awo za a yi. Ya tsai da ni, ya sa na taka bakin igiya da diddige, ya ja ta har tsakiyar kaina. Kafin in ankara ya zaro wuƙa ya yanke ta daidai nan. Igiyar kakanmu. Sannan ya ninka guntun biyu ya zagaya cikina da shi. Bakin bai haɗu ba, saura fiye da tafin hannu. Na ɗaga hannuwa sama, na ce jama'a ku shaida, igiya ma ta sallama.

Ya ce, "A wanga awo, wanda igiya ba ta haɗu ba shi ya faɗi. Cikin mutum bai kamata ya kai rabin tsawonsa ba."

Na ce, "Wa ya faɗa?"

"Majon Buza."

"Majon Buza taubashinka ne ko nawa? In haka ne ai kai ka fi ni faɗuwa."

Ya ce, "Ni na riga na faɗi. Kai nike ji."

Ya ƙara da waɗansu maganganu da ban riƙe ba, don lokacin ina tsakiyar zuba, kuma in ina zuba ba ni jin kowa. Abin da na riƙe shi ne ya yanke igiyar da ba tasa shi kaɗai ba, ya sauya doka da rana tsaka don ya ga na kusa kamo shi. Ya miƙo mini guntun, na jefar a gabansa na tafi. Na daina zuwa ciyayya. Da ya kwanta, tsohuwata ta ce in je in duba ɗan'uwana, ba ya jin daɗi. Ba ya jin daɗi. Mutum na mutuwa a ce ba ya jin daɗi, kamar wanda gishiri ya yi wa yawa a miya. Na ce na san farin zanen nan, a gaya masa ya nemi wani wawan. Ina zaune ina jiran ya gaji ya aiko da zakaran ban haƙuri, sai anka aiko da wancan saƙon.

To ku duba mini, jama'a. Mutum ya mai da kai abin kallo kana tsammani kai ke ba da dariya. Ya bar ka kana yi wa ciwonsa kiɗa. Ya gaya wa mai fura abin da bai gaya wa wanda sunka ci anza tare ba. Sannan ya tafi bai tsaya an yi shari'a ba. In wannan ba cin amana ba ne, a gaya mini sunansa. Har tumbin nan nawa yanzu kallon munafuki nake yi masa. Na yi masa hidima shekara da shekaru, ban san da wa yake ba.

Da sadakar arba'in ta matso, liman ya same ni ya ce maganar ta isa haka, in je in faɗi kalma ɗaya a huta, don Hajiya na cikin takaba kuma abin na damunta. Na ce zan je, amma da sharaɗi. Na shirya jawabina tsaf, na tafi da hantsi.

Na iske ta zaune bakin ƙofar ɗakinta bisa tabarma, tasbaha a hannu. Da can amaryata nake ce mata, ita kuma ta ce Allah Ya tsare ta da auren mai aji biyu da rabi. Ran nan ba wanda ya taɓo wannan.

Na ce, "Hajiya, ya haƙuri?"

Ta ce, "Da godiya. Ka tuna hanya?"

Na zauna nesa kaɗan na ce, "Na zo in yafe. Amma sai an amsa mini cewa an ci amanata."

"Wa ya ci?"

"Mijinki. Da ke, da matata, da gari duka. Amma shi ne shugaba."

Ta aje tasbaha ta ce, "Da fari ya ɓoye maka, gaskiya ne, kuma ka san bakinka. Amma ranar da ya yanke igiya ina bayan zana, da kunnena na ji. Ya ce, 'Mushe, wanga ba tumbi ba ne, ruwa ne. Hantata ta ƙare. Taka nike so a duba tun da sauran lokaci.' Ka tuna abin da ka ce mishi?"

Ban tuna ba sai da ta tambaya. Ce masa na yi in ya mutu a aje mini hantar in gasa, mai kitse ta fi daɗi. Na kuma tuna cewa duk taron nan ni kaɗai na yi dariya.

Amma ni ba a kayar da ni da sauƙi. Na ce, "Da murmushi ya faɗa."

"Da wace fuska kake so ya faɗa? Ita ke gare shi."

"Da ya ce wallahi."

"Ya ce wallahi."

"Ai kullum yana cewa wallahi. Ranar farin zane ma ke kanki kin ce wallahi, har da birgima. Ku kunka ɓata wallahinku, ba ni ba. Mutum ya yi ta yi maka ƙarya tun kuna yara, ranar da ya faɗi gaskiya kuma ya faɗe ta da murya iri ɗaya, sannan a ce kai ne mai laifi? Laifinsa na nan inda yake. Yafiyata kuma na nan hannuna, sai ranar da na ga dama."

Na gyara zama ina jiran ta roƙe ni. Ta sa hannu ƙarƙashin tabarma ta jawo guntun igiyar, a ninke yadda ya bar ta, ta jefo mini bisa cinya.

Ta ce, "Riƙe yafiyarka, Mushe, ba sauri muke ba. Motar Buza na tashi gobe da safe. In ka shiga, to. In ba ka shiga ba, kada liman ya ƙara wahala, kwana kaɗan ne ka iske shi ka yafe mishi baki da baki."